Daddawar da Ta Jira Rabon Gado

Na gaji da ba da wannan labari da baki, domin duk sanda na ba da shi sai mutane su yi dariya a inda ban nufa ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi sau ɗaya in huta. Abin da na tuna zan faɗa, inda na yi shakka kuma zan ce na yi shakka.

Shekara goma sha ɗaya na yi a Zariya ina karatu, ko sha biyu, in an haɗa da wadda na yi ina jinya. Na sauke Alƙur'ani, na shiga littattafai, har malaminmu ya yi mini addu'a ya sallame ni. Na biyo ayarin fatake zuwa gida, Birnin Gwari, da gafaka da buzu. Kwana tara kafin in iso Inna ta rasu. A ƙofar gari wani mai itace ya yi mini ta'aziyya, yana zaton na sani.

Mu uku ne a gidan. Akwai Baba, wanda tsufa ya hana shi zuwa gonarsa ta bakin daji. Akwai Gwaggo, ƙanwarsa, da ta taso daga Kusasu don jinyar Inna, ta kuma zauna saboda ba ta da miji a can. Sai ni. Wana, wanda muke ciki ɗaya, ya bi fataucin goro zuwa Gwanja, ba wanda ya san ranar dawowarsa.

Bayan sadakar arba'in Gwaggo ta ce a buɗe ɗakin Inna a share. Matan unguwa suka zo taya ta, dattawa biyu kuma suna zaure tare da Baba. Tufafin Inna ba su da yawa. Abin da ya cika ɗakin kayan miya ne: ƙwarya cike da garin kuka, tandun man shanu, bandar kifi a rataye, barkono, kanwa, gishiri, ɗan tulun zuma. A bayan gado kuma ga wata babbar tukunya maƙare da daddawa, an jera ta curi-curi, an rufe da ganye.

Daddawar Inna sananniya ce a unguwarmu. A wajen wata tsohuwar Bagwariya ta koya tun tana yarinya, kuma an ce takan bar kalwa ta ƙara kwana ɗaya a rufe fiye da yadda sauran mata ke yi. Ban san gaskiyar wannan ba. Na dai san Baba bai taɓa cin ta kasuwa ba tun da ya aure ta.

Gwaggo ta miƙa hannu za ta ɗauki curi biyu don miyar dare. Sai wata maƙwabciya ta juyo ta dube ni ta ce, "Malam, halal ne a taɓa kayan mamaci tun ba a raba ba?"

Wannan ne karo na farko da wani ya kira ni Malam a garinmu ya kuma tambaye ni hukunci. Na ce, "A bari tukuna. Gado ne."

Gwaggo ta ce, "Daddawar ce gado?"

"Duk abin da mamaci ya bari, Gwaggo, komai ƙanƙantarsa."

"To raba mana. Ga ubanka, ga ka, a ware na wanka."

"Ba a raba wa wanda ba ya nan sai da yardarsa, ko ta wakilinsa. Ina jin haka ne."

"Kana ji, ko ka sani?"

Hayaniyar ta kai zaure, dattawan suka leƙo, Baba yana bayansu. Aka maimaita masa. Ya dubi tukunyar, ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce, "A yi yadda Malam ya ce."

Da hannuna na kwaɓa laka na liƙe bakin tukunyar. Na ɗaure ƙyauren ɗakin da igiya. Na rubuta wa wana takarda, na ba ayarin farko da ya bi ta garin zuwa Gwanja, ina roƙon ya aiko da yardarsa.

Ya kamata in faɗi gaskiya a nan. Limamin garinmu na da rai a lokacin, gidansa bai fi taku ɗari biyu daga namu ba. Da na je na tambaye shi, da ya warware mini kafin ya gama tauna goro. Sau uku ina kama hanya ina dawowa. Kunya nake ji a ce wanda ya yi shekara goma sha ɗaya a Zariya ya zo tambayar hukuncin daddawa. Daga baya, bayan komai ya wuce, na iske mas'alar a ɗaya daga cikin littattafan da na ɗauko a gafakata. Layi biyu ce. Abin da ke lalacewa ba a tsare shi don jiran wanda ba ya nan; a ƙimanta, a ajiye masa hakkinsa, a ci saura. Har na taɓa yin alama a gefen shafin.

Gwaggo ta koma sayen daddawar kasuwa. Ta iya girki, ba na ƙaryata ta. Amma Baba sai ya yi loma huɗu, biyar, ya ture akushi. A watannin farko mun ɗauka baƙin ciki ne. Wata rana da damina ta fari, muna zaune a zaure ana yayyafi, ya ce mini ba tare da ya dube ni ba, "Malam, ko ɗan gutsure ba ya halatta? Kamar ƙwayar gyaɗa."

Na ce, "Baba, ina tsoron shubuha. Wataƙila amsa na hanya."

Ya ce, "To. Allah ya kawo ta."

Bai sake tambaya ba sai bayan shekara, ranar Sallar layya. Nan ma na ce ina tsoron shubuha. Daga nan bai ƙara ba.

Gwaggo ce ba ta gaji ba. Duk sanda ta kwashe akushin Baba da tuwo a ciki sai ta biyo ta gabana da shi, ta karkata don in gani. "Alƙalin daddawa, ga shari'arka nan ta dawo." Wani lokaci ta ce, "Ka je ka karanta wa tukunyar nan Yasin, ko ta haihu." In ta ga na ɗauki littafi sai ta ce, "Duba mana, a wane shafi aka ce tsoho ya rame?"

Ni kuwa ina ganin ramar. Zoben azurfarsa ya fara zamewa, sai ya naɗa masa zare. Rigarsa ta Juma'a ta koma kamar aro. Nakan ce a raina tsufa ne, kuma mai yiwuwa akwai tsufan a ciki. Ban isa in ce duk rashin daddawar ne ba. Ban kuma isa in ce babu ruwanta ba.

A damina ta biyu jinkar ɗakin Inna ta fara yoyo. Na hau na toshe, ban dai buɗe ƙofa ba. A ta uku gara ta yi hanya a jikin bango ta shige ciki. Na kankare ta waje. Hanyar Gwanja ba ta da lafiya a shekarun nan, ayari biyu sun wuce ba su haɗu da wana ba.

Amsa ta zo ne a farkon damina ta huɗu, washegarin ruwan fari. Madugun wani ayari daga Gwanja ya sauka a zango, ya aiko a kira ni. Na same shi yana duba kofaton jaki. Ya miƙo mini ƙullin goro, yana ta danne dariya.

"Wanka yana gaishe ka. Ya yi aure can, ya zauna. Takardarka ta daɗe kafin ta same shi. Ya ce in fara tambayarka, lafiyarka ƙalau kuwa?"

Na ce lafiya.

"Ya ce ya yafe. Ya yafe daddawa, ya yafe kuka, ya yafe tukunyar da murfinta. Ya ce in har akwai ɓeran da ya ci, shi ma ya yafe masa."

Ina tafe zuwa gida ina tunanin ko shaidar mutum ɗaya ta wadatar. Da na shiga zaure na ga wuyan hannun Baba a kan gwiwarsa, kamar sillen kara, sai na bar wannan tunanin. Na ce, "Baba, amsa ta zo. Yau za ka ci miyar daddawar Inna."

Ya ɗago kai. Na daɗe ban ga idonsa haka ba. Ya ce, "Yau?"

Na kwance igiyar bayan azahar. Warin ɗakin ya fara fitowa kafin mu shiga, warin tsohon rumbu da jiƙaƙƙen bunu. Gara ta cinye faifan da ke rufe da kuka. Zanzaro ya yi gida a wuyan tandu. Na sauko da kifin, sai ya zube a hannuna, fata ce kawai da ƙaya, cikin duk gari. Barkonon ya koɗe ya yi fari. Na fasa lakar tukunya da bayan wuƙa.

Gwaggo ta leƙa, ta ja da baya, ta toshe hanci da gefen zane. "Ni ba zan dafa wannan ba."

"Gwaggo, na riga na faɗa masa."

"Kai ka faɗa, kai za ka dafa. Ni uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi, ba zan kashe shi da hannuna ba. Tuwo zan tuƙa, shi ke nan. Bari in ɗauki curi ɗaya ta kasuwa in yi masa miya, ka ce ta uwarka ce."

Na ce wannan ƙarya ce.

"Oho. Ƙarya haram, guba halal." Ta ɗauke tulun zuman, ta fita.

Na zauna a bakin ƙofa da kayan a gabana, na yi abin da na iya. A karatu an koya mana ruwa ana gane canzawarsa da abu uku, launi da wari da ɗanɗano. Na ce bari in auna da wannan. Launin daddawa baƙi ne dama, wannan ma baƙa ce, sai dai wata farar ƙura a samanta da ƙananan huda kamar na allura. Wari kuwa, ta yaya mutum zai gane daddawa ta yi wari? Na sansana na sake sansanawa har kaina ya fara sarawa. Na lasa. Akwai ɗaci, amma na ce wataƙila harshena ne. Na tono curi uku daga ƙasan tukunya, waɗanda suka fi kama da lafiya, na kankare su.

Girkin da na sani na ɗaliban ilimi ne, dafa wake da dama kunu. Miyar kuka sau da yawa na ga ana yi, ban taɓa yi ba. Na sa daddawar a turmi na buga, sai curi ɗaya ya yi tsalle ya faɗa tsakar gida kamar tsakuwa. Kaza ta ruga ta tsattsage shi sau biyu, ta goge baki a ƙasa, ta tafi.

Gwaggo tana tuƙa tuwo a ɗaya murhun. Ta ce, "Ka ga shaida ta biyu nan. Ita ma ta yafe."

Na jiƙa sauran a ruwan zafi har suka saki, na daka da barkonon da gishiri, na zuba a tukunya. Itacen ya sha ruwan jiya, hayaƙi kawai yake yi. Na durƙusa ina hurawa, idona na zubar da ruwa, gemuna ya cika da toka. Da ya tafasa, warin da ya tashi ba na daddawa ba ne. Ya fi kama da na tsohuwar fata da aka manta a rijiyar jima. Wata maƙwabciya ta ɗago murya ta bayan danga tana tambaya ko wani abu ne ya mutu.

Sai kuka. Ta daskare ta yi launin toka, na farfasa da hannu na tankaɗe. Barbaɗawa ake yi a hankali ana kaɗawa da maburgi, wannan na sani yanzu. Ni juyewa na yi gaba ɗaya. Ta dunƙule ta yi gudaji, suna yawo a saman ruwa, ruwan kuwa tsararo, ba kauri ba yauƙi. Na kaɗa har kafaɗata ta gaji.

"Gwaggo, me ake sa wa in ta ƙi kamawa?"

"Addu'a."

"Don Allah fa."

"Kanwa, 'yar kaɗan. Amma kukar da ta mutu ba ta tashi."

Na jefa kanwa, ban san iyakar kaɗan ba. Miyar ta yi kumfa ta taso, ta malalo ta kashe wutar da na sha wahalar hurawa. Na sake hurawa. A ƙarshe na buɗe tandu. Man shanun ya zama fari, ɓurɓushi-ɓurɓushi, yana da wani wari mai kama maƙogwaro. Na tsaya ina shawara. Na tuna Inna ba ta taɓa kai wa Baba miya babu shi ba, sai na yanko na sa.

Bayan la'asar na kai masa zaure. Ya riga ya wanke hannu, ya sa hularsa ta Juma'a, ya gyara zama a kan tabarma. Gwaggo ta biyo ni ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu. Na buɗe akushin. Na so in ce masa ya bari, wallahi na so, amma ya riga ya miƙo hannu.

Ya yi bismilla, ya yanko tuwo, ya dangwala, ya kai baki. Ya daɗe bai haɗiye ba. Ya yi ta biyu. Ya yi ta uku.

Gwaggo ta ce, "Yaya, ya isa haka."

Ya ajiye hannunsa a gefen akushin. Ya ce, "Ba ta nan." Ya sake cewa, "Na ɗauka zan same ta ko kaɗan ne. Ba ta nan."

Na ce, "Baba, ka gafarce ni. Ni ne ban iya dafawa ba."

"A'a. Ko ita ce ta tashi ta dafa, haka za ta yi. Ba ta taɓa barin daddawa ta ga damina biyu ba." Ya goge yatsunsa. "Ka san me ya sa ta yi da yawa haka? Da muka ji an sallame ka, ta sayi kalwa jaka guda. Tana tari tana surfe. Ta kira ni ta nuna mini tukunyar, ta ce, ga ta walimar yaron nan, in ya iso ban nan ka sa a dafa wa mutane."

Gwaggo ta saki ƙugu. "Yaya! Ka san wannan ka yi shiru? Shekara uku kana kallona ina haushi kamar karya?"

"Hukuncinsa na farko ne, a gaban mutane. Matan unguwa na tsaye, dattawa na tsaye. Da na ce ba haka ba ne, wa zai sake kawo masa tambaya a garin nan? Shekara goma sha ɗaya muka yi babu shi don ya zama abin da ya zama."

"To bayan sun watse fa? Ba ka da baki?"

"Na tambaye shi sau biyu. Na ce ko zai duba littafinsa." Ya dube ni. "Na ɗauka za ka duba."

Wata mas'ala ta taso mini har kan harshe, a kan ko maganar Inna wasiyya ce ko kyauta, da abin da ke biyo bayan kowace. Na haɗiye ta. Ina jin a duk shekarun nan uku wannan ne kaɗai abin hankalin da na yi.

Kwana biyu Baba ya yi cikinsa na murɗawa. Gwaggo ta yi ta dama masa kunun tsamiya tana sa zuman nan, wanda shi kaɗai bai canza ba. Na ce masa, "Baba, ga shi dai kana shan zuman Inna." Ya ce, "Saya ta yi wajen wani mai amya daga Dogon Dawa. Ba hannunta ba ne." Bai faɗa da zafi ba. Gyara mini kawai ya yi.

Sauran daddawar na kai bayan ganuwa na binne. Gwaggo ta ce in yi mata salla tunda ni ne limaminta. Tukunyar ta wanke da toka sau uku, warin bai fita ba, ta mayar da ita ta ruwan kaji.

Baba ya ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni. Abin da na lura, kuma ban san yadda zan fassara shi ba, shi ne daga ranar ya daina ture akushi. Duk miyar da aka ba shi yana ci, ta kasuwa ce ko ta maƙwabta, ba ya yabo ba ya kushewa. Gwaggo ta ce ya samu sauƙi. Ni ina ganin jira ne ya daina. Allah ne masani.

Tsoron da Baba ya ji mini bai tabbata ba, mutane sun ci gaba da kawo mini tambaya, har yau da na fi shi tsufa a lokacin. Ko shirunsa ne ya saya mini wannan, ko da ma za su zo, ban sani ba, kuma na gaji da juya shi. In an kira ni rabon gado, kafin a zo kan gona ko shanu nakan ce a nuna mini ɗakin kayan miya. Nakan ce a ƙimanta na wanda ba ya nan, sauran a ɗora tukunya yau, a fara ba tsohon gidan. Magada sukan dubi juna, wasu su yi murmushi, suna zaton yunwa nake ji. Ba na gyara musu. Nakan zauna a zaure har in ji ƙamshin ya taso, sannan in buɗe littafi.